Kaset ɗin Yaya Sale

Ranar wata Juma'a a damina, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, wani direban babbar mota daga Gwarzo ya yi sallama a gidanmu da ke Kara, ya miƙa wa Baba kaset naɗe cikin leda. Daga yayanmu Sale ne, wanda ya tafi Agadas yana sayar da shayi a tasha. Na jefar da tsintsiya, Inna ta bar surfe, muka kewaye rediyon Baba, wadda sai an shanya batiranta a rana take yarda ta yi magana. A gefe guda muryar Yaya ce, yana gaishe mu ɗaya bayan ɗaya har da akuyar Inna. Da aka juya kaset ɗin kuwa, sai muka ji abin da kunnenmu bai taɓa ji ba: jitar Buzaye tana tafiya kamar ba ta son isa, wani molo na Mali mai tsirkiya barkatai, da wata mata 'yar Sudan da ke rera waƙa kamar an yi mata rasuwa. Baba ya ce, "Ikon Allah, su ma ashe suna da damuwa."

Daga nan kaset ɗin nan guda ya zama ɗan aikenmu. Direbobin ƙasashe ke tsayawa teburin Yaya, shi kuma ya roƙi sabbin waƙoƙinsu ya naɗa mana. Ƙa'idarsa ɗaya ce: "Ku naɗa amsarku a kan maganata, kada ku taɓa mini gefen kiɗan." Haka muke yi, mu shafe muryarsa da tamu, shi ma ya shafe tamu da tasa. Wa zai sayi sabon kaset alhali ga wannan? Kafin direba ya koma, mu 'yan mata mun haddace waƙoƙin. Muna tsinkar gyaɗa muna rera yaren da ba mu san ko zagi ne ba, a filin makaranta mu cusa kiɗan Kwango cikin gaɗa, ƙawayena na cewa wai na zama Buzuwa.

A kaka ta uku muka naɗa amsa kamar kullum. Inna ta yi masa faɗan rashin aure, ni na roƙi waƙar Larabawa. Direban ya dawo da kaset ɗin a ledarsa, ko kwancewa ba a yi ba. Zazzaɓi ya ɗauke Yaya kafin motar ta isa. Bayan an share makoki Inna ta ce a sa mata kaset ɗin ta ji ɗanta. Wayyo, sai muryarta ita kanta ta fito tana yi masa faɗa! Ta sa aka juya, aka sake juyawa, ta saurara har ƙarshe ko kalmarsa ɗaya ta tsira. Babu.

Yau ina zaune a Kabo, kiɗan duniya duka yana cikin wayata, kuma yawancin waƙoƙin nan na binciko su, har na san abin da suke cewa. 'Ya'yana suna turo saƙon murya suna gogewa ba ko a jikinsu, ni kuwa na kasa goge ko na tari. Inna ta tsufa, ido ya tafi. Kwanan baya ta kama hannuna ta ce, "Ke Hadiza, muryar Sale siririya ce ko kakkaura?" Na buɗe baki in ba ta amsa, na tarar ni ma ban sani ba.