Likitar fatar Auta, wadda na sa wa ido

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Yuni, ina tsakiyar yi wa wani direba gyaran fuska aka bugo min waya cewa likitar fatar Autata ta rasu bayan gajeriyar jinya. Mu na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma. Na ce wa mai kiran ya je ya sake tambaya. Likita, kin san halina, ko rasuwarki sai da na nemi shaida.

Ni mai aski ne. Karatuna ya tsaya a aji uku, inda malamai suka yi ta ƙin rabuwa da ni, don haka a yi haƙuri da rubutun.

Lokacin da muka fara zuwa wurinki, wani farin ɓawo ya rufe wa Auta gwiwar hannu da fatar kai, ga ƙaiƙayi har da jini. 'Yan layinmu suka ce daga kan wani na kwaso mata a shago. Uwarta ta ware mata tawul da kofi. A shagon ɗinkin da take aiki, mata suka riƙa janye yadinsu idan ɓawon ya zuba a kai. Ta daina fita.

Kika kama hannunta babu safar hannu, kika juya shi ƙarƙashin fitilarki. A raina na ce, wannan ko ba ta san aiki ba, ko wasan kwaikwayo take mana. Kika ce sunan cutar soriyasis, ba a ɗaukar ta daga kowa, garkuwar jiki ce ke sa fata gaggawar tsirowa har ta taru. Na tambayi ranar warkewa.

“Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ba ta tafiya gaba ɗaya, lallaɓa ta ake yi.”

“Na gane,” na ce. “Ni ma gashi yana dawowa, shi ya sa ban rufe shago ba.”

Kika yi dariya har da hawaye. Ni kuwa da gaske nake.

Da ƙanin matata ya kawo wani man shafawa marar suna daga kasuwa, fatar ta yi sumul. Na zo har ofishinki in nuna miki. Kika duba kwalbar, kika ce mai ƙarfi ne, randa aka daina abin zai dawo da fushi. Ya dawo, har gadon baya. Har yau ina zargin baki kika yi mana. Amma ba ki ce wa yarinyar komai ba, kujera kawai kika jawo mata.

Kika sa ta a ɗakin haske, wani abu kamar durowar kaya mai dogayen fitilu. Ina bakin ƙofa ina tambayar nas ko gasa min 'ya ake yi. Da aka koma ƙwayoyi da gwajin jini, na nemi sanin inda ake kai jinin. Duk kin amsa, a tsanake, kamar mai hankali ne ya tambaya.

Wata rana kika miƙa wa Auta yadi baƙi wuluk, kika ce ta ɗinka miki riga. Na ce mata ta kula, araha kike nema. Ta koma kan keken ɗinki don rigar nan, kuma ba ta sake sauka ba. Sannan mijinki ya fara zuwa aski wurina, mutumin da kansa ya fi tafin hannuna santsi. Na san leƙen asiri kika turo shi, ya ga ko ina wanke inji. Sai dai tun da aka ga mijin likita a kujerata, waɗanda suka guji shagona saboda cutar Auta suka dawo. Wannan kuma ban gano dabarar da ke ciki ba tukuna.

Yanzu ga inda muke. Tun da Auta ta ji labari, ɓawon ya taso mata, dama kin sha faɗa cewa damuwa na tayar da shi. Ta ce ba za ta naɗe hannun riga a gaban wani likita ba. An ba mu wani sabo, matashi. Na je na leƙa shi, gemunsa ma ba a daidaita ba. Ban yarda da shi ba. Amma na fi rashin yarda da zaman ɗaki, don na ga abin da ya yi mata. Jiya na ce ta shirya, gobe za mu je. Ta ce, “Zan je, Baba, in za ka rufe bakinka.” Shago dai zan rufe. Maganar baki muna kan tattaunawa.

Allah ya jiƙan ki, Likita, ya yafe kurakuranki, in akwai, don na nema ban samu ba. Ya sa haƙurin da kika yi da ni ya zama nauyi a mizaninki, ya haskaka makwancinki. Ga maigidanki, da 'ya'yanki, da ma'aikatan ɗakinki, Allah ya ba ku juriyar wannan rashi. Mu ma ku sa mu a addu'a gobe.