Kwanon Gwaggo da Tuwon Baturiya

A ƙauyenmu da ke gefen Kurfi gidajen Kirista ba su da yawa, namu kuma shi ne na ƙarshe kafin a shiga gonaki. Kakanninmu Maguzawa ne. Baba ya karɓi bishara tun kafin a haife ni, ya fasa tulunan giya, amma a idon mutanen gari tukunyarmu ba ta taɓa wankuwa ba. Ana gaisawa da mu, ana sayen gyaɗarmu, ana zuwa mana ta'aziyya. Abincinmu ne dai ba a ci.

Gida ɗaya ne kwano ke fitowa daga cikinsa ya shigo namu, gidan wani mai sayar da hatsi da muka haɗa katanga da shi. Matarsa mace ce mai faɗa, muna ce mata Gwaggo ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ita da Inna ƙawaye ne tun suna 'yan mata. Kullum da yamma jikarta takan shigo da wani kwanon samira mai murfi, da tuwo ko dambu ko ɗanwake a ciki. Kowa ya san ba a mayar da kwano wayam, amma Inna ba ta taɓa zuba dafaffen abu a ciki ba. Kuka take sawa, ko busasshiyar kuɓewa, ko barkono. Ba wanda ya kafa mata wannan doka, ita ta kafa wa kanta, don tsoron ranar da za ta aika tuwo a dawo mata da shi, ko ta ji an zuba wa kaji. Ta taɓa ce mini in hakan ta faru ba za ta ƙara iya haɗa ido da Gwaggo ba.

Bayan samun 'yancin kai da kaɗan, wata damina, fastonmu ya sanar cewa matasan wata majami'a daga ƙasar Turawa za su zo su yi hutunsu tare da mu. Muka je Dutsin-Ma tarbarsu. Suka sauko daga bayan babbar mota jajawur, kowa na rungume da akwatinsa. Fasto ya tara su a inuwa ya ce musu ba ya son wa'azi a kasuwa, ba ya son rabon takardu. Kowa zai zauna a gida ɗaya, ya ci abin da ake ci, ya yi gaisuwa, ya yi abota, in an tambaye shi sai ya faɗi abin da ya gaskata. Aka raba su gida-gida. Saboda na ɗan yi makarantar mishan ina jin Turanci sama-sama, aka damƙa mini wata doguwar yarinya sa'ata, aka ce duk abin da ta ɓata ni za a tambaya.

Ta kuwa ɓata da yawa. Da yamma takan ce wa mutane ina kwana. Ta durƙusa wa ɗan tallan goro, ta miƙa wa mai unguwa hannu. Ranar da ta ce za ta taya ni daka, taɓarya ta sauka a bakin turmi, geron ya watse, kajin gidanmu suka yi shagali. Ni mai saurin fushi ce tun ina ƙarama, amma ba a iya yi mata fushi ya daɗe, don kafin ka gama faɗa ta riga ka dariya.

Da ta ji labarin kwano sai ta ce ta sami hanyarta. Ta roƙi Inna a bar mata mayarwa. Ran farko ta saka sabulu mai ƙanshi. Gwaggo ta ga abin da ya fi ƙarfin kuka, washegari ta aiko da waina. Baturiya ta saka allurai da zare, aka aiko da dambun nama. Ta saka madubi, Gwaggo ta yanka kaza. Kowacce na jin kunyar a fi ta, mu kuwa muna ta ƙiba. Mijin Gwaggo ya tare Baba a hanyar gona ya ce don Allah a ja wa baƙuwa kunne, zabinsa sun fara kallonsa da tuhuma.

Tsakanin haka takan shiga gidan Gwaggo ta zauna ɓarar gyaɗa. Wata rana ta tattara duk Hausarta ta gaya wa Gwaggo cewa Yesu yana ƙaunarta. Gwaggo ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce Annabi Isa ai sun san shi tun kafin a haifi kakarta, ta dai ci gaba da ɓara, kuma ta daina cinye rabin gyaɗar.

Kayan akwatin Baturiya fa suka ƙare. Ran kasuwar Kurfi ni da Inna muka tafi sayayya muka bar ta a gida. Da muka dawo muka tarar da murhu da ɗumi, muciya a yashe a ƙasa, gari har a gashin girarta. Ta tarbe mu da murna ta ce tunda ba ta da sauran abin sawa, ta tuƙa tuwo da hannunta, ta kaɗa miya, ta cika kwano ta kai wa Gwaggo. Gwaggo ta karɓa, ba ta buɗe a gabanta ba.

Na leƙa tukunya na ga ragowar. Gudaji ne zalla, ga ɗanyen gari a ciki. Amma ba munin tuwon ne ya sa Inna ta zauna a kan turmi ba tare da ta sauke kayan kanta ba. Ni kuwa na rufe yarinyar nan da faɗa, Turancina ya ƙare na koma Hausa. Da ta gane abin da ta taɓa, sai ta daina dariya, ta shiga ɗaki.

Da yamma kwano bai zo ba. Inna ta yi ta sharar tsakar gidan da aka riga aka share, kunnenta na wajen ƙofa. Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ji haushin fasto da baƙinsa gaba ɗaya.

Washegari da hantsi muka ji sallama. Gwaggo ce da kanta, wadda ba ta shigowa gidanmu sai haihuwa ko mutuwa. Ta dire kwanon a gaban Inna ta cire murfi. Babu komai a ciki, an wanke shi tas.

"Ƙawa, wa ya tuƙa wanga abu?"

Inna ta nuna ɗaki da baki.

"Na sani. Na cinye shi don ba a zubar da abincin baƙuwa, har yanzu gudajin na tsaye a ƙirjina." Ta gyara mayafi. "Shekara da shekaru kina aiko mani da kuka kamar ba ni da itacen a bayan gida. Na ce ko rowar tuwonki kike mani. In dai tuwon gidan ga zai kashe ni, to a bari mai hannu ta tuƙa."

Ta sa aka fito da Baturiya, ta ɗora mata muciya a hannu, ta yi ta zaginta tana koya mata talge har rana ta take.

Da hutu ya ƙare muka raka baƙi Dutsin-Ma. A bakin mota yarinyar ta yi kuka, ta ce ta zo daga nesa ba ta jawo ko mutum ɗaya ba. Gaskiyarta ce, Gwaggo da carbinta ta mutu. Na so in gaya mata abin da ta yi a gidanmu, Turancina bai kai ba, sai na ce ta gaida mutanen gida.

Abin da na kasa faɗa mata shi ne yammacin ranar da Gwaggo ta shigo. Inna ta tuƙa tuwon dawa, ta ɗanɗana miya ta sake ɗanɗanawa, sannan ta kwashe a kwanon. Ni na kai. Gwaggo ta wanke hannu ta ci a gabana, ta ce in gaya wa uwata gishiri ya yi kaɗan. Da na dawo na faɗa, Inna ta ce ƙarya take yi, tun suna yara bakinta ya mutu da gishiri. Sai ta juya mini baya ta goge ido da bakin zane, ta ce in ajiye kwanon inda za ta gan shi gobe.