Ɗiyar Da Aka Kawo Mini Yaye

Assalamu alaikum, mai kula da wannan fili da sauran masu karatu. Ni mai aikin famfo ne, haifaffen Beji, mazaunin Minna tun ina saurayi. Bokona a aji uku na sakandare ya tsaya, amma a lokacin da abin nan ya faru ina ɗaukar kaina mai dabara, irin mutumin da ba ya son a ce masa bai sani ba. Matata ma'aikaciyar jinya ce, ta fi ni karatu nesa ba kusa ba. Shekara uku da suka wuce ta samu aiki a Ingila, ta yi gaba ta bar ni da yara, a kan idan ta samu wurin zama za mu bi ta. A wannan tsakanin ne na yi abin da har yau in na tuna sai na yi istigfari, kuma na gode wa Allah da ya haɗa ni da mutanen da suka fi ni hankali.

Yara uku ne a gidana, amma babbar, mace, ba ni na haife ta ba. Ɗiyar yayana ce, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi ne a Beji, ya rasu tana goye. Da lokacin yayenta ya yi, tsohuwarmu ta ce a kawo ta wurina, don a lokacin shekararmu huɗu da aure ba mu samu haihuwa ba. Yaye kowa ya san sati biyu ne ko wata guda, yaro ya manta da nono a mayar da shi. Ita kuwa ba wanda ya ce a mayar, ba kuma wanda ya ce an bar mana. Mahaifiyarta ta sake aure a Kagara, takan zo da sallah da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, yarinyar tana ce mata Innar Kagara. Bayan zuwanta Allah ya ba mu maza biyu, tsohuwarmu har ta koma ga Allah tana cewa goshin yarinyar ne. Ni ne Babanta, matata ce Mamanta, a makaranta ma sunana ne a bayan nata. Haka muka yi shekara goma sha ɗaya.

Da matata ta ce lokaci ya yi mu fara haɗa takardu, sai na tafi wani shagon kwamfuta inda ake cike wa mutane fom na tafiya. Ta so mu cike tare ta waya, na ce ta bar mini, ai ba komai ne sai ta koya mini ba. Mai shagon ya tambaye ni yarana nawa, na ce uku. Wallahi a wannan amsar ban yi niyyar ƙarya ba. Mu a Hausa ba mu da wata kalma ta daban da muke kiran ɗiyar ɗan'uwa, ɗiya ce kawai, kuma wanda ya tsaya yana bambancewa a gaban yaro shi ake gani marar zumunci. Ƙaryar ta fara ne da ya nemi takardun haihuwa. Na miƙa masa guda uku, ya duba ta babbar ya ga sunan yayana da na matarsa, ya yi mini bayani cewa Turawa suna da kalma daban ta ɗiyar ɗan'uwa, kuma mai wannan suna ba ta bin mutum a irin wannan biza. Ya ce amma abin mai sauƙi ne, ya san wanda zai yi sabuwar takarda da sunana da na matata, ba mai ganewa. Ban yi shawara da kowa ba na ce a yi. Bayan kwana huɗu takarda ta fito da hatimi, ta fi ta gaskiyar kyau. Ban gaya wa matata ba, don na san za ta hana. Mahaifiyar yarinyar kuwa na ƙudurta sai mun sauka can zan kira ta in sanar da ita. Na gaya wa kaina tausayin marainiya nake yi, alhali gudun a ce mini a'a nake yi.

Muna da wata maƙwabciya, dattijuwa Kirista, mutuniyar kudancin Kaduna, tsohuwar ungozoma ce da ta yi ritaya, duk unguwa Mama muke ce mata. Ɗanta yana ƙasar waje, ta je ta dawo sau biyu, don haka ta san sha'anin takardu. Ranar da na je gyara mata famfon bayan gida, na tafi da fayil ɗin don ta duba mini ko an yi kuskuren rubutu a sunaye. Ina durƙushe ina ɗaure bututu, ita tana zaune a kujera da gilashinta a kan hanci tana buɗe takardu ɗaya bayan ɗaya, tana yi mini tsiya wai zan je in koya wa Turawa cin tuwon dawa. Can sai ta tsaya a kan sabuwar takardar haihuwar yarinyar. Hausar Mama ba ta raba mace da namiji, har mukan yi mata dariya a kan haka, amma ranar ban yi dariya ba. Ta ce, “Ɗana, uwar yarinyar nan ya mutu ne ban ji ba?” Na ce tana nan da ranta a Kagara. Ta ɗaga takardar ta ce, “To a nan ka kashe shi. Yayanka kuma da Allah ya ɗauka sau ɗaya, kai ka sake binne shi.”

Ta ci gaba da yi mini bayani a hankali. Ta tambaye ni ko na san yara nawa matata ta rubuta a nata fom ɗin lokacin da za ta tafi. Ban sani ba, ban taɓa tambaya ba. Ta ce tabbas biyu ta rubuta, don matar tawa da idonta ta karanta tambayar, kuma can ba sa yar da takarda, za su ɗora nawa a kan nata su ga yarinya ’yar shekara goma sha uku ta faɗo daga sama. Suna iya cewa a yi gwajin jini. In suka kama, ba yarinyar kaɗai za a hana ba, har ni da mazan biyu, na shekaru masu yawa, matata kuma aikin da ta sha wahala a kansa zai iya salwanta. Maimakon in gode mata, sai na fusata. Na ce mata wannan al'amarin zumuncinmu ne, ita ba za ta gane ba. Wannan maganar ita ce ta fi ba ni kunya a duk labarin nan, domin matar nan ita ta yi wa yarinyar kitso ranar da ta fara zuwa makaranta. Ba ta rama ba. Cewa kawai ta yi in gama ɗaure mata famfo kada ruwa ya cinye mata gida, sannan in kira matata.

Na yi kwana biyu ina jan ƙafa kafin na kira. Matata ta tabbatar biyu ta rubuta. Ta yi kuka, ba don aikinta kaɗai ba, ta ce tun tafiyarta take neman yadda za ta gaya mini yarinyar ba za ta samu shiga ba, ta rasa ta inda za ta fara, don ta san halina. Ta ce kafin komai in je Kagara. Na tafi ranar kasuwa, duk da halin rashin tsaro da hanyar take ciki. Tsakanina da matar yayana akwai wasa irin na ƙanin miji, kullum in ta gan ni sai ta ce ga ƙaramin maigida marar cefane ya zo. Ranar ma haka ta tare ni a bakin rumfarta, tana juya ƙuli a mai. Na zauna a benci na gaya mata komai, har da niyyar da na yi ta kiranta bayan mun sauka. Ta kwashe ƙulin, ta sauke kaskon, ta goge hannunta da zane, duk ba ta dube ni ba. Sannan ta ce, “Yaye na ba ka. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa tambayarka ranar da yayen zai ƙare ba, don na ga kana riƙe ta da amana. Amma sunan ubanta shi kaɗai ya bar mata, ko akuya bai bari ba.” Sai haƙuri nake ta bayarwa. Ta ce ita ta yafe, amma ba ita kaɗai aka yi wa laifi ba, in je in gaya wa mai sunan.

Wannan ne ya fi mini wuya. Da na koma Minna na samu yarinyar da la'asar tana wanke kayan makaranta a tsakar gida, na zauna kusa da ita na faɗa mata abin da na yi, da kuma cewa ba za ta bi mu ba a wannan karon. Na zaci za ta ce mun ware ta don ba mu muka haife ta ba. Ta yi hawaye, ba zan ɓoye ba, ta daɗe tana yi. Da ta natsu sai ta gaya mini abin da ban sani ba: tun tana aji huɗu ta gano takardarta ta gaskiya a cikin gwangwanin da nake ajiye takardu, kuma in ba kowa a gida takan ɗauko ta karanta sunan mahaifinta ta mayar. Mako guda kafin ranar ta duba ba ta gan ta ba, ta ga wata sabuwa a wurin, ta kasa tambaya. Ta ce, “Baba, ina tsohuwar take?” Na ɗauko mata daga fayil, ita kuma ta ƙaryar na yayyaga ta a gabanta na zuba a murhu.

Mun nemi shawarar wani lauya, ya ce akwai hanya ta kotu amma doguwa ce kuma ba tabbas. Muka cike fom da gaskiya, ni da mazan biyu, aka ba mu. Yarinyar ta zauna wurin ƙanwata a nan Minna don makarantarta, hutu kuma tana Kagara, a karon farko ta san ɗakin mahaifiyarta da ƙannenta na can. Mama ce take duba mata darasi, ita take riƙe mata waya muna gaisawa ran Lahadi bayan ta dawo daga coci. Kafin in tafi na je na durƙusa na ba Mama haƙuri, ta ce in tashi, famfon da na gyara mata ma yana ɗiga, wannan ne laifin da ba ta yafe ba. Rabuwar ba daɗi, har yau in aka zuba abinci nakan ƙirga kwano biyar. Amma ina kwana ba na tsoron a buga mini ƙofa a kan takarda, matata tana aikinta, yarinyar kuma tana shirin gama sakandare, tana son karatun jinya.

Shawarata ga duk mai shirin fita da iyali, musamman masu riƙon ’ya’yan ’yan’uwa, kuma muna da yawa: kada kunya ta hana ka tambayar wanda ya fi ka sani, kada ka cike takarda a ɓoye da matarka, kuma duk wanda ya ce maka zai gyara takardar haihuwa, tashi ka bar masa shagonsa. Riƙo ibada ce, amma bai ba ka ikon goge uwa ko uba ba. Ka je ka tambayi uwar, ka tambayi yaron ma, sun san abin da ba ka zata ba.

Wannan wasiƙar daga Minna nake rubuta ta, na zo hutu. Shekaranjiya muka karɓo wa yarinyar fasfo, ta ce tana so ta mallaka ko da tafiya ba ta zo ba tukuna. Sunan yayana ne a ciki. Muka kai wa mahaifiyarta ta gani, ta sa aka karanta mata sunan sau biyu, ta shafa shi da yatsa. Sannan ta dube ni ta ce ƙaramin maigida ya je har Ingila ya dawo, amma har yau ba cefane.