Mai Agogo, Mun Iske An Rufe Ka

Daga Allah muke, gare Shi muke komawa. Da safiyar Talata, tara ga watan jiya, ajali ya cim ma abokin aikinmu da muke kira Mai Agogo, bayan gajeriyar jinya.

Ɗan'uwa, kai ne ka tarar da mu muna wahala da na'urorin ofis, waɗanda ke rubuta lokaci da dogon jerin lambobi, a bisa agogon da ke bayan namu da awa guda. Ka zauna gaban baƙin allo, shayinka na hucewa, ka ƙera mana 'yar manhaja: mutum ya buga umarni layi guda, ta mayar masa da lambobin nan rana da sa'a irin na 'yan Adam, a bisa agogonmu. Ba ka sa mata sunanka ba, ba ka hana kowa ita ba.

Duk wanda ya ce maka "ƙarfe kaza", sai ka ɗaga gira. Ni kuwa kakan ce mini, "Mawaƙi, baitinka ya yi daɗi, amma ƙarfe kazan na agogon wa?"

Ranar da ka tafi, babu mai yi mana wannan tambaya. Ƙaninka ya kira ofis ya ce jana'iza ƙarfe goma. Aka sa sanarwar a zauren saƙonnin aiki, inda kowane lokaci na agogon na'ura ne. Hannuwanmu suka yi abin da suka saba: muka ba manhajarka ƙarfe goman, ta ƙara awa guda, ta ce sha ɗaya. Ba ta yi ƙarya ba. Mun isa maƙabarta ana wanke shebur, ƙasar kabarinka tana ɗanya.

Ka daidaita wa kowa sa'arsa,
Taka ta zo, ba mu cikin sahu.

Inna, an gaya mini kin tambaya ko ɗanki ba shi da mutane a wurin aiki. Yana da su. Suna tsaye bakin kabarinsa da rana tsaka, sun kasa haɗa ido. Ki yafe mana.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka, Ya ba Inna da mai ɗakinka da 'ya'yanka haƙurin rashinka. Sallar da muka rasa, Ya karɓi addu'armu a madadinta, ko da ta zo a makare.