Tumtum Biyu na Aina'u

Shekara goma sha ɗaya Aina'u ta yi tana shara a wani kamfanin fata a Challawa. Guntayen da ake zubarwa a bola take tsintowa. Ranar Lahadi ita da 'ya'yanta mata su yi ta harhaɗawa, har suka ɗinka tumtum biyu, suka ƙawata ɗakinsu na Panshekara.

Da mijinta ya rasu, shugabanta Malam Ya'u ya zo ta'aziyya. Ya kishingiɗa a kan ɗaya, ya shafa ɗinkin, ya ce, "Hannunki da albarka, Aina'u."

Tana fita takaba aka kore ta, wai ɓarauniyar fata ce, aka ɗauke tumtum ɗin a matsayin shaida. Har yau suna falon Malam Ya'u, baƙi suna ta yabawa.