Nonon Goggo Delu

Kun dai san Goggo Delu, Allah ya jiƙanta, ba ta karɓar jariri sai ta shinshina tsakar kansa. Takan lumshe ido kamar mai sauraron kiɗa daga nesa, sannan ta yanke hukunci: "Wannan na uwarsa ne," ko kuwa, "Wannan warin madarar gwangwani yake."

Goro take sayarwa a Djougou, amma rabin unguwarmu nononta muka sha. Uwa ta kwanta ciwo, ko ta tafi fatauci, sai a miƙa wa Goggo jaririn. Ni ma haka na shiga hannunta.

Zamanin da kowa ya zama kamarad, shugaban kwamitin unguwa ya tara mata yana yi musu bayanin juyin juya hali. Goggo ta ɗaga hannu.

"Kamarad Isufu, wannan ƙarfin muryar, a ina ka samo?"

"Goggo, taro muke yi."

"A ƙirjina ka samo. Har cizo kake yi."

Taron bai ƙara daidaituwa ba.

Wata amarya kuma ta zo da bibiro, kwalbar nan ta madara, daga Cotonou, tana yanga. Goggo ta ara, wai za ta duba. Washegari aka gan ta tana shayar da ɗan akuya da ita.

Mu samari ne muka sha wuya. Duk yarinyar da ka kalla, sai Goggo ta ce, "Ƙanwarka ce, nono ɗaya kuka sha." Don haka na gudu Parakou neman mata, na samu Rabi a unguwar Kpébié. Ina sonta sosai, har mota nake tuƙawa ina murmushi ni kaɗai. Sai uwarta ta ambata cewa sun taɓa zama a Djougou lokacin Rabi tana goye. In Goggo ta shayar da ita, ba aure ke nan.

Ni da uwarta muka kai Rabi gaban Goggo. Ta riƙe hannun Rabi, ta rufe ido, ta daɗe tana kiran sunayen jarirai a hankali, kamar tana ganinsu kwance a cinyarta.

"Tana ƙarama ta yi laulayi?"

Uwar ta ce, "Gudawa da tari, ba hutu. Madarar gwangwani ta sha."

"To, ba tawa ba ce. Nawa ba sa haka. Aure ta, Sani."

Na kusa kuka don murna. Goggo ta jawo Rabi jikinta, ta ce, "Abin da kika rasa, 'yar nan, kada ɗanki ya rasa."

Rabi tana da cikin fari Goggo ta rasu. Ba ta ga yaron ba, amma sai da ya yi shekara biyu a nono.

Allah ya shayar da ke ruwan Alkausara, Goggo, yadda kika shayar da mu.