Ƙahon da Baba Ya Ɗaura wa Baka

Mahaifina Bamaguje ne. A wata 'yar unguwa yamma da Damari muka tashi, kuma tun da na yi wayo, da an kawar da amfanin gona sassaƙar baka yake komawa. Icen dargaza yake sarowa ya gasa a wuta ya lanƙwasa, ya murza tsarkiya da fata, ya gyara kyauro ya yi kibau. Mutanen cikin gari ba sa cin tuwon gidanmu, ba sa shan ruwa a ƙwaryarmu, amma duk maharbin da ke tsakanin Sabuwa da Faskari ya san ƙofarmu.

A wurinmu kibiya kan yatsa take kwanciya. Hannun hagu ya riƙe baka, kibiya ta hau manuniya, a ja a saki. Baba bai taɓa tunanin yi mata wani mazauni ba sai da wani saurayi ya zo daga cikin gari, injin casar masara ya cinye masa manuniyar hagu da rabin babban yatsa. Ya durƙusa a tsakar gidanmu yana hawaye, ya ce abokan farautarsa sun mai da shi mai riƙe musu karnuka.

Baba ya juya hannun ya duba, ya ce ya dawo bayan kasuwa. Ya samo tsinin ƙahon baƙin bunsuru, ya feƙe shi har ya koma kamar ƙwallon dabino, ya yi masa kwarmi inda kibiya za ta kwanta. Ya manna shi a jikin baka da ƙaro, ya naɗe da ɗanyar jijiyar saniya wadda in ta bushe take matsewa, ya shimfiɗa 'yar fata mai laushi a kwarmin don kada dabba ta ji ƙarar ja. Ƙahon farko ya zame, na biyu ya riƙa kankare kyauro. Bai daina ba sai da saurayin ya soki kabewa daga bakin danga. Ba wanda ya sake neman irin wannan baka, don mai yatsu biyar gani yake abin kunya ne.

Na yi aure a Yankara, na musulunta a gidan mijina. Kafin in dawo gida wankan haihuwata ta fari, ɓarayin daji sun addabi ƙasarmu, samari sun kafa 'yan sa-kai, saurayin nan kuma ya zama shugabansu. Kwamanda ake ce masa, har dattawa.

Ina cikin jego ɓarayi suka kashe mutane a gona da rana tsaka, suka kora shanun gari. 'Yan sa-kai suka bi sawu. Kwamanda ya riga kowa dawowa, ba takalmi, ba kwari, ba baka. Kowa ya gani. Bayan 'yan kwanaki maharba suka kai wani sansani da ɓarayin suka tashi daga ciki, suka tarar da baka rataye a reshe, da baƙin ƙaho a jikinsa.

Da hantsi 'yan sa-kai suka zo, na fito daga wanka ke nan jikina na tururi. Babura suka cika ƙofar gida, mai unguwa na biye da su a ƙasa. Kwamanda ya jefa bakan a gaban Baba.

"Wa ya yi wanga ɗauri?"

Baba ya ɗauka ya shafa. "Ni na yi shi."

"Kun ji da kunnenku," in ji Kwamanda, ya juya ga jama'a. "Nawa yana ɗaki. Wanga ɓarayi ya yi wa. Hannu ɗaya ne a ƙasar nan ya iya wanga aiki."

Baba bai gane ba. Ya miƙa masa bakan yana murmushi, ya ce, "Ɗana, ai naka ne. Duba inda na rage maka kaurin mariƙi saboda hannunka."

Marin da Kwamanda ya yi masa sai da hularsa ta faɗa cikin tukunyar ruwan wankana.

"Wane ne ɗanka? Arne, infoman ɓarayi!"

Ba wanda ya ce Kwamanda ya je ya ɗauko na ɗakin a gani. A cikinsu akwai waɗanda tun suna yara suke zama su kalli Baba yana murza tsarkiya, sun san bakan kamar yadda na san shi. Turmin Inna, mahaifiyata, suka kife. Biyu suka danne Baba, suka shimfiɗa hannuwansa a gindin turmin. Kwamanda ya fara da taɓarya, sannan ya miƙa wa na kusa da shi, ya ce kowa sai ya sa hannu, wanda ya ƙi shi ma nasu ne. Haka taɓaryar ta zagaya. Inna ta faɗa kan Baba, suka janye ta da ƙafa, zaninta ya kwance, wani ya yi dariya. Wani kuma yana ɗauka a waya. Mai unguwa yana gefe yana ta cewa, "A yi a hankali, yara, a yi a hankali." Ni ina bakin ɗaki na danne kan jaririyata a ƙirji. Kafin su tafi suka tara icen dargazar da Baba ya shanya suka cinna masa wuta.

Mai ɗorin gari ya aiko cewa ba ya nan, alhali ana jin tarinsa daga zaure. Sai da ƙanen Inna ya goya Baba a babur har Yankara. Yatsun sun warke a murɗe kamar citta. Ba ya iya ɗaure wando, ba ya iya yanko loma. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya koma zagin Inna safe da yamma, in ta kawo masa tuwo a baki wani lokaci ya ture kwanon da gwiwar hannu, ta tsince daga ƙasa.

Mijina ya aiko in koma tun ban yi arba'in ba, ya kuma ce kada in yarda a ji a unguwarsu 'yar wane ce ni. Na koma.

Da damina ta matso su Baba suka tashi zuwa Kankara wurin wana, suka raɓe a ɗakin da yake ajiye taki. Kwamanda ya shiga gonarmu ya shuka dawa, ya ce ba a barin gona bakin daji ba kowa, ɓarayi za su laɓe ciki.

Na kai musu ziyara bayan girbi, na tarar ranar an sauke rabin buhun dawa daga motar kasuwa. Direban ya ce Kwamanda ne ya ce a ba tsoho sadaka. Gidan ba ƙwayar hatsi. Inna ta surfa ta kai niƙa ta tuƙa, ta zauna gaban Baba da kwano.

Ya karɓi lomar farko ya tauna a hankali. "Wagga dawa daga ina?"

Inna ta faɗa masa.

Ya haɗiye lomar. Sannan ya buɗe baki, ta sa masa ta biyu.